Gayyar Kwaɗi

A Ƙonni babu mai kirana Dokta Rahinatu sai in dariya yake nema. Sunana a unguwarmu Uwar Kwaɗi, kuma ba maƙiya suka raɗa mini shi ba, yayyena ne. Mahaifina, Alhaji Maikuɗi, yana da manyan motoci uku masu jigilar siminti daga Malbaza. Ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, da burin in zama likitar mutane, ya tura ni Yamai, daga can na wuce Beljika, bayan shekara bakwai na dawo ina duba cikin kwaɗo. Har Allah ya karɓi ransa, in baƙo ya tambayi aikina sai ya ce, "Tana wajen gwamnati," ya yi maza ya kawo wata maganar.

Abin haushi, a wasu wurare an san ni. Akwai wata cuta da ke kashe kwaɗi, ta sa cikinsu da cinyoyinsu su yi ja, fata ta ɓare da gyambo, cikin 'yan kwanaki ka ga tabki ya cika da gawa. Na rubuta takardu huɗu a kan yadda take yawo a tabkunanmu, aka buga su a mujallun masana. Mutanen da ban taɓa gani ba, a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, suna ambaton sunana a nasu rubutun. Wani ya aiko mini da wasiƙa ya ce da dabarata ta yi wa kwaɗo alama yake aiki a ƙasarsu. Na karanta wasiƙar nan a tsakar gidanmu, na ɗaga kai ina neman wanda zan nuna wa. Ƙanwata tana tankaɗe, matar yayana tana waya. Na ninke abata na sa a jaka.

Tabki goma sha ɗaya nake bi kowace damina, daga Tsarnawa zuwa bayan Tajaye, ni kaɗai da wata tsohuwar mota. In kama kwaɗo da safar hannu, in goga masa auduga a ciki da cinya, in sa audugar a 'yar kwalba, kwalbar kuma cikin akwatin ƙanƙara. Sai in ɗiga masa launi a ƙarƙashin fatar cinya da siririyar allura, kowane tabki da nasa launi, don in na sake kama shi in san daga inda ya fito. Kafin in bar tabki zuwa wani, sai na wanke takalman robana da raga da bokiti da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, saboda a laka ɗan yatsa ɗaya ma cutar tana iya bin mutum.

Goma daga cikin tabkunan nan cutar ta shige su. Ɗaya ne ya rage, Tabkin Kurna, a wani ƙauye bayan Tajaye, tsakanin tuddai biyu na jan dutse, inda babu koramar da ke haɗa shi da kowane ruwa. Shekara huɗu ina aunawa, ban sami ko kwaɗo ɗaya mai cutar ba. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: cutar ce ba ta kai can ba, ko kuwa kwaɗin wurin suna da wani abu a jikinsu da ke kare su? In na biyun ne, to, akwai maganin da za a nema wa sauran. Shekara ta biyar ita ce za ta ba ni amsa, amma sai na sami kwaɗi sittin na tabkin na gwada fatarsu da ta marasa lafiya. Ba zan ɓoye ba, son tabkin nan nake kamar yadda mace ke son ɗanta na fari.

Mutanen ƙauyen ba su taɓa wulaƙanta ni ba. Mai garin, Baba Chindo, dattijo ne dogo mai ƙarancin magana, shi ya ba ni ɗaki a zauren gidansa tun zuwana na farko. Matarsa Tsahara tana aiko mini da fura da hantsi, tuwo da yamma. Sai dai kwanona daban ne, ludayina ma daban, an ɗaura masa jan zare a mariƙi. In na gama ci, da tsinke ake ɗaukar kwanon a kai bakin rijiya. Ban ga laifinsu ba. Wa zai so haɗa hannu da matar da ta wuni tana mulmula kwaɗi? Da yamma mata sukan taru a gindin bedi, wato dogon yaro, suna hira, in na zo wucewa a gaisa lafiya lau, a tambaye ni gajiya, sannan a yi shiru har in wuce. Ni kuma da nawa girman kan. Na sha yi wa mutanen gidanmu bayanin aikina suna tuntsira dariya, sai na rantse ba zan ƙara yi wa kowa ba. Shekara huɗu ina kwana a ƙauyen nan ban taɓa zaunar da mutum ɗaya na ce masa ga abin da nake yi, ga dalili ba.

Abu ɗaya ya taɓa haɗa mu. A damina ta huɗu haihuwa ta zo wa surukar Baba Chindo da gardama, hanya kuma duk laka, babu amalanken da zai fita. Na sa ta a bayan motata tare da Tsahara, na ture akwatin ƙanƙara gefe, muka kai ta asibiti a Malbaza. Ta sauka lafiya. Aka yi mini godiya, na ce ba komai, na koma bakin tabkina. Ni a wurina magana ta wuce.

A shekara ta biyar ruwa ya yi jinkiri. Sai cikin watan takwas tabkin ya ɗan taru, shi ma bai kai rabinsa ba. Kwaɗin da ke binne a ƙasa tun rani ba su fito da yawa ba. Kwana shida ina zagaye daga asuba har rana ta take, tara na kama. Tara, a maimakon sittin. Ran na shida na zauna a gindin kurnar da aka sa wa tabkin sunanta, na cire takalman, na rasa abin da ke mini daɗi. Ban san hawaye nake ba sai da na ji muryar Tsahara a kaina, ta dawo daga kai abinci gona.

"Madan, lahiya? Rasuwa anka yi?"

"Babu rasuwa, Inna. Aiki ne ya ƙi."

"Mi ya hana shi?"

"Kwaɗi sittin nake nema, tara na samu. In damina ta wuce ban cika su ba, wahalar shekara biyar ta tashi a banza."

Ta kalli ruwan. "Sittin," ta ce. Ta gyara ƙwaryar da ke kanta ta wuce. Iyakar bayanin da na taɓa yi wa wani a garin ke nan, shi ma rabi na yi.

Washegari ƙanƙarata ta narke, na kama hanyar Tawa don in sayo wata in kuma aika da kwalaben sauran tabkuna zuwa Yamai. Mota ta ba ni wahala, na kwana biyu. Ran na uku da la'asar, ina hawowa tudun da ke kallon ƙauyen, na jiyo ganga. Na ce ko biki ake, ga shi ba wanda ya gaya mini, kamar kullum. Da na gangaro sai na ga ba a cikin gari ake kiɗan ba. A bakin tabkina ne.

Amalanke huɗu, babura sun fi goma, maza sun kai arba'in, kowa laka har gwiwa. Ga buhunan siminti da aka wanke, jiƙaƙƙu, a zube. Ga manyan robobin wanki. Mata suna gefe da tukwane. Ina fitowa daga mota makaɗin ya ƙara wa gangar wuta, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Tunda nake, ba a taɓa yi mini guɗa ba.

Baba Chindo ya tako ya tsaya gabana, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Ɗiyata," ya ce, "mu nan in gonar mutum ta hi ƙarhinai, ba mu barinai shi kaɗai. Gayya mukan kira, kowa shi ɗauko hauyatai. Ke kin yi muna abin da ba mu mance ba. Munka ji gonarki ta ƙi, munka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jiya da yau babu wanda ya taɓa noma garin ga. Har Tsarnawa samari sunka tahi bisa babur. Sittin kinka ce, mun kawo abin da ya hi ɗari ukku."

Na kalli buhunan da ke zube. "Suna ina, Baba?"

"Munka ga za su mutu cikin buhu kahin ki komo, sai munka zuba miki su cikin ruwanki. Ga kaɗan nan munka rage cikin roba, ki gani da idonki."

Na durƙusa gaban robar. Wajen ashirin ne a ciki, suna hawa kan juna. Ban ma tsaya neman safar hannu ba, na ɗauki wani babban burduddugi na kifa shi. Cikinsa ja ne kamar an shafa masa manja, ga gyambo a cinyar hagu. A cinyar dama kuwa ga ɗigon launin ruwan lemo, wanda ni da hannuna na sa masa bara a tabkin Tsarnawa, tabkin da cutar ta fi yi wa ɓarna.

Na ɗaga kai. Mutum arba'in suna kallona suna murmushi. Na san mutanen nan, na san yadda suke tsartar da yawu in kwaɗo ya gifta. Ga wani magidanci da ƙaya ta yanke shi a ƙafa ya ɗaure da tsumma. Ga mijin matar da na kai asibiti yana ta goge tafin hannunsa a riga, har yanzu jikinsa bai daina ƙyamar abin da ya taɓa ba. Sun bar gonakinsu kwana biyu a tsakiyar noma, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa. Ihu nake son yi. Ina son in ce wa ya aike ku, wa ya ce ku taɓa mini ruwa. Amma ihun bayan hari ne, kuma wa zan yi wa?

"Na gode," na ce. "Allah ya bar zumunci."

Aka amsa da amin, ganga ta ci gaba. A al'ada mai gona ke ciyar da 'yan gayya, amma da yake ba ni da murhu a garin, matan sun dafa a madadina, ni kuwa aka ce in tsaya in raba. Na tsaya ina miƙa tuwo ina cewa sannunku da aiki, bayana kuma ina jin tabkin yana ta ƙara da kukan baƙin kwaɗi, irin kukan da ban taɓa ji ya yi ba.

Ban yanke ƙauna nan take ba. Na ce wa kaina, ai tambayar ke nan tun farko. In kwaɗin Kurna suna da abin da ke kare su, to, yanzu za a gani. Na shiga tsamo baƙin, duk wanda na gane, amma ɗari uku a cikin ciyawar ruwa ba abin da mutum ɗaya zai tsince ba ne. Taran da na kama tun farko suna da koren ɗigo a cinya, su na riƙa nema kowace safiya. Ran na huɗu bayan gayyar na ga uku, lafiyarsu lau. Ran na bakwai na ga biyar, ina duba cikinsu fari tas, har na yi sujada a kan laka. Kwanakin nan garin ya sake mini fuska. In na wuce gindin bedi sai a ce, "Madan, yaya gonarki?" a yi dariya, irin dariyar da ake yi da mutum, ba wadda ake yi masa ba. Nakan ce gona ta yi kyau. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, don da can ba ni da abokin magana ne kawai, yanzu kuwa ga masu magana da ni, ni ce ke ɗauke da abin da ba zan iya faɗa ba.

Ran na goma sha ɗaya talibambam, 'ya'yan kwaɗi, suka fara tasowa saman ruwa, ciki sama. Ran na sha uku na tsinci na farko mai koren ɗigo a gindin kurna, ya buɗe ƙafafu, cikinsa ja. Kafin sati ya zagayo na tsinci bakwai daga cikin taran. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Babu wani sirri a fatarsu. Tuddai biyu ne kawai suka tsare su shekara da shekaru, sai kuma ruwan jabel ɗina.

Na hau tudu inda waya ke kamawa na kira malamin da ya koyar da ni a Beljika, wanda muke aikin tare. Na gaya masa komai. Ya ce ya yi baƙin ciki. Sannan na ji muryarsa ta canja. Ya ce in lura fa, babu hukumar da za ta taɓa ba mu izinin yin irin wannan gwaji da gangan, ga shi ya faru da kansa: an san ranar da cutar ta shiga, an san daga inda ta fito, ga awon shekara huɗu kafin ta zo. Ya ce wannan takarda za ta fi duk waɗanda na rubuta tasiri, in tattara gawarwakin da kyau kada su lalace. Gaskiya ya faɗa, kuma daga baya haka aka yi. Amma a ranar, da yana kusa, da na jefe shi da wayar.

Ina cikin tsintar gawa da hantsi, ina jerawa a kan leda, na ji takun mutum. Baba Chindo ne, shi kaɗai, da sandarsa. Wari ya riga ya kai cikin gari. Ya daɗe yana kallon ledar.

"Ɗiyata, mi ya kashe su?"

Na so in ce zafi ne, ko ƙarancin ruwa. Da ya yarda. Amma na gaji da riƙon abin ni kaɗai. Na ajiye ragar, na zauna a kan dutse, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun ranar da ya ba ni ɗaki. Na gaya masa akwai cuta, na gaya masa tabkuna goma, na gaya masa wannan ne kaɗai ya tsira, shi ya sa nake zuwa. Na nuna masa ɗigon ruwan lemo da koren ɗigo. Bai yi dariya ba. Ko sau ɗaya bai katse ni ba, kuma tambaya biyu da ya yi mini sun fi na wasu ɗalibaina ma'ana. Ya gane sarai, cikin abin da bai fi rabin awa ba.

"Kenan awa ciwon bushiya na bisashe," ya ce. "Ba a haɗa garke mai ciwo da mai lahiya wurin shan ruwa."

"Haka ne, Baba."

"Wanga ko yaron kiyo ya san shi." Ya soka sandarsa a laka ya zare. "Mu munka kawo."

"Ba ku sani ba."

"Da kin hwaɗa muna."

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. "Ba a tambayar baƙo, ɗiyata. Shi ka hwaɗi."

Shekara biyar ina jiran su tambaya, su kuma suna jiran in faɗa, kowa yana ganin kara yake yi wa ɗan'uwansa. Ya tambaye ni ko akwai maganin da za a zuba a ruwan, ko a kira wata gayyar a kwashe matattun a ƙone. Na ce ƙonewar za ta rage wari, amma cutar ta riga ta zauna. Ya ce ko baɗi? Na ce ko baɗin baɗi.

Can wata mata ta zo ɗiban ruwan gini, ta hango mu, ta juya da tulunta.

"To, yanzu tabkin ga ya zama ɗaya da sauran," ya ce.

"Ya zama ɗaya da su."

"Su kuwa sauran suna bakin kwalta, kusa da gida."

Na san inda ya dosa, kuma gaskiya ce. Wurin aikina ba zai ƙara ba ni takardar tafiya da man mota in zo bayan Tajaye don in ga abin da zan iya gani a Tsarnawa ba. Abin da ke kawo ni garin nan shi ne abin da ke jere a kan leda.

"Tsahara ta ce in hwaɗa miki," ya ce, yana kallon ruwan, ba ni ba, "jinjirin nan da kinka kai uwatai Malbaza ya hwara tahiya. Ta ce baɗi in kin zo, shi za ya tarbe ki bakin hanya." Sannan ya ƙara da cewa, "Za ki zo baɗi?"

Na buɗe baki in ce in Allah ya so, yadda ake faɗa. Sai na ga dattijon nan yanzun nan na gama gaya masa gaskiya karo na farko, ba zan rufe da ƙarya ba.

"Ba na jin za a turo ni, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na sani," ya ce. "Ba zancen turowa na tambaye ki ba."